Tambaya da Amsa: Fayil ɗin ZIP da RAR, a kwance kafin a taɓa

Assalamu alaikum masu karatu. Wanga mako tambayoyin da sunka taru kusan duk kan abu guda ne, wato fayilolin nan da ake matsewa a ƙunshe wuri ɗaya, masu ƙarewa da .zip ko .rar ko .7z, da manhajojin da ake buɗe su a kwamfuta irin su WinRAR da 7-Zip. Na taƙaita wasu saƙonnin saboda wuri, wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

TAMBAYA: Malam don Allah a taimaka min, ni ɗaliba ce a Danfodiyo aji huɗu. Malamin da ke duba furojet ɗina ya turo min shi cikin ZIP da gyare-gyarensa, na danna sau biyu ya buɗe na ga babi na uku, na buɗe shi a Word na kwana ina gyara ina ta sebin. Da safe na buɗe na tarar babu ko layi ɗaya cikin abin da na rubuta, kamar ban taɓa shi ba. Bairos ne ko mi? Daga wata ɗaliba a Mabera.

AMSA: Sannu ƙanwata, Allah ya musanya da alheri, na san zafin kwana kan aiki a wayi gari babu shi. Ba bairos ba ne. Abin da ya faru shi ne Windows na nuna miki ZIP kamar folda idan kin danna shi sau biyu, alhali ba folda ba ce, fayil guda ne da anka ƙunshe wasu a ciki. Da kika danna babi na ukun nan, kwamfuta ta ciro kwafinsa ne ta ajiye a wani lungu na wucin gadi mai suna Temp, to a kan wannan kwafin kika kwana kina aiki, na cikin ZIP ɗin yana nan yadda malaminki ya turo shi. Idan da 7-Zip ko WinRAR kika buɗe, sukan tambaya bayan kin rufe Word cewa an canza fayil, a mayar da sabon ciki? Amma tambayar da Turanci take kuma mutum na cikin barci, sai ya danna a'a ko ya riga ya rufe tagar manhajar ko caji ya ƙare, shi ke nan.

Yanzu kafin ki cire rai ki gwada abu biyu, kuma yau ɗin nan, kada ki bari wani ya ce zai yi miki sharar kwamfuta tukuna. Na farko ki buɗe Word ki duba jerin takardun da kika buɗe kwanan nan, idan babin ya fito a nan ki buɗe ki gani. Na biyu ki danna maɓallin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito, ki rubuta %temp% ki danna OK. Za ki ga tarkace da yawa, kada ki tsorata, ki jera su bisa kwanan wata ki nemi folda ta daren nan, mai ɗauke da sunan ZIP ɗin ko mai farawa da Rar$ ko 7z. In kin ga babinki a ciki ki kwafe shi zuwa Documents nan take kafin ma ki buɗe. Ba kullum ake dacewa ba don manhajojin kan share wurin idan an rufe su, amma ana samu.

Daga yau kuma duk ZIP ɗin da ya zo miki, kada ki fara da danna sau biyu. Ki danna shi da ɓangaren dama na maus, ki zaɓi “Extract All”, ki nuna masa inda zai zube kayan, sai ki rufe ZIP ɗin ki koma foldar da ta fito ki yi aiki a can. In kina kokwanto ko a ciki kike ko a waje, dubi layin adireshi a saman taga, muddin kin ga .zip a jikinsa to har yanzu kina ciki, kada ki rubuta komai. Ɗalibai ku gaya wa juna wannan don Allah, lokacin kare furojet ya fi kowane lokaci yawan irin wagga asara.

TAMBAYA: Ni mai ɗaukar bidiyo da hoton biki ne. An ce min in na sa bidiyo a ZIP zai ragu in tura wa masu biki ba tare da cin data ba. Na gwada da na wani kamu mai gigabait 3, na jira har na gaji, da ya gama sai na ga kusan yadda yake. Ko manhajar tawa ce jabu? Daga wani mai kyamara a Gawon Nama.

AMSA: Ɗan uwa manhajarka lafiya lau take, wanda ya ba ka labarin ne bai ƙarasa ba. Yadda matsewa ke aiki shi ne manhajar na neman abin da ke maimaituwa a cikin fayil. Ka ɗauki jerin sunayen ɗaliban makaranta, a gaban kowane suna an rubuta Jihar Sakkwato, Jihar Sakkwato, har ƙasa. Maimakon ta ajiye shi sau ɗari biyar sai ta ajiye sau ɗaya, sauran wuraren ta sa 'yar alama cewa a koma can a ɗauko. In an zo kwancewa komai zai dawo daidai ba ragi ko harafi ɗaya. Shi ya sa rubutu zalla yake raguwa ƙwarai.

To bidiyon MP4 da hoton JPG da sautin MP3 tun daga cikin kyamara ko waya an riga an matse su, babu sauran maimaici da ZIP zai samu. Buhun auduga in ka hau ka danna zai sauka, buhun gero kuwa ko ka kwana kana tsalle a kansa yana nan. Har takardar Word ta yanzu mai ƙarewa da .docx ita kanta ZIP ce a ɓoye, don haka ita ma ba ta raguwa sosai, haka PDF ɗin da anka yi da sikana.

In rage nauyin bidiyo kake so, sai dai ka sake fitar da shi da ƙaramin inganci daga manhajar da kake editin, ko ka yi amfani da HandBrake, kyauta ce kuma aikinta ke nan, amma ka sani a nan wani abu na ingancin hoton zai tafi.

Duk da haka ZIP na da amfani babba a sana'arka, ta wajen haɗa kaya. Hotuna ɗari uku na ɗaurin aure in ka tura su ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp a matsayin hoto zai rage musu kyau, amarya ta je wankewa fuska ta fashe, ga shi wasu su ɓace a hanya ba a san wanne ya shiga wanne bai shiga ba. In ka haɗa su a ZIP guda ka tura a matsayin takarda, za su isa yadda kyamara ta ɗauke su. A 7-Zip ka zaɓi foldar, ka danna dama, 7-Zip, “Add to archive”, a wurin matakin matsewa ka zaɓi “Store”, ma'ana a haɗa kawai ba matsewa, zai gama da sauri ba irin jiran da ka sha ba. WhatsApp na karɓar takarda har gigabait 2, Gmail kuwa megabait 25 ne iyakar abin da ake maƙalawa. Don haka bidiyonka mai gigabait 3 sai an raba shi: a wannan tagar dai akwai gurbin “Split to volumes”, ka rubuta 1900m, zai fitar maka da guda biyu, ɗaya na ƙarewa da .001 ɗaya .002. Ka gaya wa wanda ka tura wa ya sauke duka biyun ya sa su folda ɗaya, ya kwance na .001 kaɗai, sauran zai bi da kansa. Wannan dabarar ce kuma ke fid da mutum idan filas ta ƙi karɓar fayil tana cewa ya yi girma alhali akwai wuri, filas mai tsarin FAT32 ba ta ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu da fotokwafi da rajistar ɗalibai. WinRAR ɗin da ke kwamfutocina kullum sai ya fito da sanarwa in saya. Wani yaro ya ce zai sa min wanda anka fasa. In yarda? Daga mai shago a titin Emir Yahya.

AMSA: Alhaji kada ka yarda, kuma dalilaina biyu ne. WinRAR kayan sayarwa ne, wani ɗan Rasha Eugene Roshal ya ƙirƙiro tsarin RAR a 1993, manhajar Windows ɗin ta fito 1995, kuma sharaɗinta ka gwada kwana 40 in ta yi maka ka biya. Don ba ta daina aiki bayan kwana 40 ɗin ba, wannan bai mayar da ita kyauta ba. Kai da kake neman halal a shagon nan bai kamata abin da kake cin abinci da shi ya zama na fashi ba, balle ga hanya mai tsabta a buɗe.

Dalili na biyu ya fi kusa da aljihunka. Manhajar da anka fasa ba ka san mi anka cusa a cikinta ba, kuma kwamfutar shagonka ce yara ke shigar da lambar NIN da bayanan JAMB da katin banki. In wani abu ya ɓuya ciki yana kwasar abin da ake bugawa, sunan shagonka ne zai ɓaci a gari.

Ka cire shi ka sa 7-Zip. Igor Pavlov ya fitar da ita a 1999, shi ma ɗan Rasha ne, kyauta ce har ga mai kasuwanci, ba talla ba roƙo, nauyinta bai kai megabait 2 ba. Tana buɗe ZIP da RAR da 7z da ISO da wasu da dama, tana ƙirƙirar ZIP da 7z. Abin da ba ta yi shi ne ƙirƙirar RAR, kuma a aikin shago ban ga inda za ka buƙaci haka ba. Ka sauke ta daga shafinta na asali kawai, 7-zip.org, da 'yar sandar nan tsakanin 7 da zip, kada ka danna duk abin da ya fara fitowa a bincike don akwai shafukan kwaikwayo. In kwamfutar Windows 11 ce, bayan ka danna dama sai ka ƙara danna “Show more options” kafin ka ga 7-Zip a jerin. Ita Windows 11 ɗin ma tun ƙarshen 2023 tana buɗe RAR da 7z da kanta, sai dai in an sa musu kalmar sirri ba ta iyawa.

In kuma ka fi son WinRAR ka saya, ba laifi manhaja ce mai kyau, amma ka riƙa sabunta ta da hannunka don ba ta sabunta kanta. A 2023 an gano wata kafa a cikinta da ɓarayi ke amfani da ita, mutum ya danna abin da yake gani hoto ne ko PDF a cikin ZIP sai wata muguwar manhaja ta tashi a ɓoye, an toshe kafar a fitowa ta 6.23 a watan Agusta na shekarar. Shaguna da yawa har yau tsohuwar da mai gyara ya sa musu shekaru da sunka wuce suke amfani da ita. 7-Zip ma ba ta sabunta kanta, sai ka leƙa shafinta lokaci-lokaci.

Sannan ka ja kunnen yaran shagonka: duk ZIP ɗin da kwastoma ya kawo ko ya zo ta imel da sunan takardar ɗaukar aiki ko rasit, in an buɗe anka ga abin ciki na ƙarewa da .exe ko .scr ko .js ko .vbs, ba takarda ba ce, kada a danna. Ka sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, don wasu kan rubuta suna kamar takarda.pdf.exe, in an ɓoye ƙarshen sai ido ya ga pdf kawai.

TAMBAYA: Ba ni da kwamfuta, an turo min handawut cikin RAR a waya ya ƙi buɗewa. Daga ɗalibin kwalejin Shehu Shagari.

AMSA: Ƙanena ka shiga Play Store ka sauke ZArchiver ko manhajar RAR ta kamfanin RARLAB, kowacce za ta buɗe. Manhajar Files ta Google kuwa ZIP take kwancewa. Shi kuma wanda ya turo maka ka roƙe shi ya riƙa turo ZIP, tun 1989 da Phil Katz ya fitar da shi a Amurka ya zama wanda kusan kowace na'ura ke ganewa ba sai an sauke komai ba.

TAMBAYA: Ni ce sakatariyar ƙungiyar adashin matan unguwarmu, lissafin kuɗi da sunayen masu bashi duk suna laftof ɗin gida da yara ke taɓawa. An ce ana iya kulle fayil da ZIP. Yaya ake yi, kuma in na manta lambar fa? Daga wata Hajiya a Runjin Sambo.

AMSA: Hajiya Allah ya saka da alheri da kika damu da rufin asirin mutane, amana ce babba. Ana iyawa. Ki danna foldar da dama, 7-Zip, “Add to archive”. A hannun dama na tagar akwai wurin sa kalmar sirri sau biyu. Ki zaɓi tsarin 7z, ki kuma sa alama a ɗan akwatin “Encrypt file names”. Wannan akwatin na da muhimmanci gare ki, domin in ZIP kika yi ko da kalmar sirri, duk wanda ya danna zai ga sunayen fayilolin ko da bai iya buɗe su ba, to in sunan fayil shi ne bashin wance, ai an gama jin labari. Da 7z da wannan alamar ko sunan ba a gani sai an sa kalmar.

In dole ZIP za ki yi saboda wadda za ki tura wa, akwai zaɓi biyu na kulle, ZipCrypto da AES-256. Na farkon tsoho ne kuma mai rauni, ki ɗauki na biyu, sai dai ita ma ta can sai ta sa 7-Zip ko makamanciyarta don abin buɗe ZIP na Windows ba ya gane shi. Kuma kada ki tura kalmar a saƙo ɗaya da fayil ɗin, ki kira ta ki faɗa mata da baki.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bayan an kulle, foldar asali tana nan a buɗe inda take. Sai kin gwada kwance sabon kin tabbatar kalmar na aiki kuma komai na ciki, sannan ki goge ta asalin, ki kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar.

Batun mantuwa kuwa gaskiya zan gaya miki, in kalmar ta ɓace lissafin ya tafi. Babu ƙofar baya, ko wanda ya rubuta manhajar ba zai buɗe miki ba. Masu cewa suna da manhajar fasawa canke take yi ɗaya bayan ɗaya, in kalmar gajera ce kamar 1234 ko shekarar haihuwa za ta samu, wanda hakan ke nuna ba kulle kika yi ba tun farko, in doguwa ce kuwa kuɗinki kawai za a ci. Don haka ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ki rubuta a takarda ki adana inda kike adana takardun gida, ki kuma sanar da shugabar ƙungiya inda take. Kuɗin mutane ne, kuma rai na hannun Allah, bai kamata a ce ke kaɗai kika san hanyar shiga ba.

TAMBAYA: Shekaru ina tara karatuttukan tafsiri da na littattafai da nake ɗauka a masallatai, da hotunan wasu tsofaffin takardun ajami na mahaifinmu. Jikana ya haɗa min su duka a fayil guda ya sa a filas ya goge na kwamfuta don a samu wuri. Yanzu in an zo buɗewa sai ta ce CRC, wasu su fito wasu su ƙi, waɗanda sunka fito ma sunayensu sun koma wasu alamomi. Daga wani dattijo a Gidan Igwai.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wannan tambayar ta fi kowacce taɓa ni don abin da ka tara ba a sayensa a kasuwa. CRC wata lamba ce da manhajar ke lissafawa ga kowane fayil lokacin ƙunshewa ta ajiye, in an zo kwancewa ta sake lissafi, in biyun ba su zo daidai ba sai ta sanar cewa abin da ke nan ba shi anka ajiye ba, ya lalace. Yakan faru in an zare filas tana cikin rubutu, ko wuta ta ɗauke, ko filas ɗin ta tsufa, ko kuma jabu ce, akwai waɗanda ake rubuta musu gigabait 64 a jiki alhali cikinsu bai kai haka ba, kwamfuta na ta zuba kaya suna bin ruwa ba ta sani ba.

Ga abin da jikan naka zai yi. Kada a ƙara sa komai a filas ɗin, kada kuma a yarda in kwamfuta ta ce a yi mata fomat. A kwafo fayil ɗin gaba ɗaya zuwa kwamfuta, a kan kwafin za a yi aiki. Ya buɗe da 7-Zip ya danna “Test”, za ta jero waɗanda sunka lalace, sai ya kwance sauran. In da WinRAR ne akwai zaɓin “Keep broken files”, ma'ana a bar waɗanda sunka lalace su fito, yana da amfani ga sauti, don MP3 ko ya ɗan samu rauni sau da yawa yana kunnuwa, wuri kaɗan ne zai yi tsalle, kuma rabin karatu ya fi babu. Kwamfutar da anka goge na asalin ma a daina zuba mata sabbin kaya, a kai wa mai gyara da ya san dawo da abin da anka goge, in ba a rubuta wani abu a kansu ba akan same su.

Sunayen da sunka rikice wataƙila masu ƙ da ɗ da ɓ ne ko na Larabci, tsohon tsarin ZIP bai tanadi waɗannan haruffa ba, sai wata manhaja ta rubuta ta wata hanya wata ta karanta ta wata. Abin cikin bai taɓu ba, sunan kawai za a gyara, kuma a gwada buɗewa da sabuwar 7-Zip kafin a fara gyaran da hannu.

Abin da zan roƙa, yaron nan kada a yi masa faɗa, niyyarsa mai kyau ce, amma kada a sake tara irin wannan dukiya a fayil guda. Sauti da hoto ba raguwa suke ba, don haka babu ribar wuri da anka ci, sai haɗarin da anka ƙara, musamman 7z da kan haɗe fayiloli a dunƙule ta yadda rauni a wuri ɗaya kan shafi na bayansa. A bar su a foldoji a buɗe, kowace shekara da tata, kowane littafi da tasa. A ajiye a wuri biyu aƙalla, ɗaya a kwamfuta ɗaya a faifan waje, hotunan ajamin kuma tunda ba su da nauyi a ɗora su a Google Drive, yana ba da gigabait 15 kyauta. Sabuwar filas kafin a amince mata a gwada ta da H2testw, ƙaramar manhaja ce ta kyauta da ke cika filas ta karanta ta faɗi ainihin abin da take ɗauka. Takardun ajamin na asali kuma Baba in suna nan a sake ɗaukarsu hoto a cikin haske mai kyau, shafi bayan shafi, a sa wa kowanne lamba kafin a mayar da su gafaka.